Abincin Wani Gubar Wani: Ko Yaro Yakan Girma Ya Rabu da Alajin Abinci?

Gabatarwa

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Mun saba jin wannan karin magana a kan halin mutane, amma a fannin lafiya haka maganar take, babu ƙari. Akwai yaron da rabin kofin madara zai kumbura masa leɓe. Akwai wanda ɗan garin ƙuliƙulin da aka barbaɗa a kwaɗo zai toshe masa numfashi, alhali abokansa sun ci sun tashi lafiya lau. Iyayen irin waɗannan yara tambayarsu ɗaya ce: haka zai zauna har tsufa, ko kuwa zai girma ya rabu da shi?

A wannan darasi za mu nemi amsar tambayar. Amsar ta shafi iyaye, ta shafi malamai da masu dafa abinci a makarantar kwana, ta kuma shafi ku 'yan makaranta da kuke zama tebur ɗaya da mai wannan lalura.

1. Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba

Idan mutum ya ce, "Abincin nan ba ya karɓata," yana iya nufin ɗaya daga cikin abu biyu, kuma dole mu raba su tun da farko.

Na farko shi ne alaji. Wani likitan yara mai suna Clemens von Pirquet ne ya ƙirƙiro kalmar a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 1906. Alaji kuskure ne na garkuwar jiki. Aikin garkuwar jiki shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, amma a jikin wasu sai ta ɗauki furotin na madara ko ƙwai ko gyaɗa a matsayin abokin gaba. Sai ta ƙera masa wasu sojoji na musamman da ake kira IgE, waɗanda Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko, 'yan ƙasar Japan masu bincike a Amurka, suka gano a 1966. Waɗannan sojoji sukan manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanji da hanyar numfashi, su yi ta jira. Ranar da abincin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin halittar su saki wani sinadari mai suna histamin da 'yan'uwansa. Cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 sai a ga borin jini, kumburin leɓe da ido, amai, ko tari. Idan abin ya tsananta ya taɓa numfashi ko ya saukar da ƙarfin gudun jini har mutum ya suma, sunansa anafilaksis, kuma yana iya kisa. Masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka bayyana shi a 1902, aka ba Richet kyautar Nobel a kansa a 1913.

Na biyu shi ne gazawar ciki wajen narkar da wani abinci. A nan garkuwar jiki ba ruwanta. Misalin da ya fi yawa shi ne sukarin madara, wato laktos. Ƙaramin hanji yana da sinadarin da ke farfasa shi, mai suna laktes. Idan sinadarin ya yi kaɗan, sukarin yakan wuce babban hanji ba a narke ba, ya jawo kumburin ciki, ƙugi, iska da zawo. Yana da damuwa, amma ba ya toshe numfashi.

Ga inda bambancin yake da amfani. Mai gazawar ciki sau da yawa yana iya shan ɗan kindirmo ko nono mai tsami ba tare da wahala ba, domin tsamin ya rage sukarin. Mai alajin madara kuwa, da madarar gwangwani da ta gari da kindirmo da cuku duk ɗaya ne a wurinsa, domin furotin ɗin yana nan. Nonon akuya ma yawanci ba mafita ba ne, gama furotin ɗinsa ya yi kama da na saniya ƙwarai.

2. Wanne ne yakan wuce, wanne ne yakan zauna?

Labari mai daɗi shi ne, alajin da ya fi kama ƙananan yara shi ne ya fi saurin tafiya. Likitocin asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka sun bi tarihin ɗaruruwan yaran da suke dubawa, ga abin da suka buga:

(a) Madarar shanu, a rahoton 2007: kashi 19 cikin 100 sun rabu da alajin a shekara 4, kashi 42 a shekara 8, kashi 64 a shekara 12, kashi 79 a shekara 16.

(b) Ƙwai, shi ma a 2007: kashi 4 a shekara 4, kashi 37 a shekara 10, kashi 68 a shekara 16.

(c) Alkama, a 2009: kashi 29 a shekara 4, kashi 56 a shekara 8, kashi 65 a shekara 12.

(d) Waken suya, a 2010: kashi 25 a shekara 4, kashi 69 a shekara 10.

(e) Gyaɗa, a 2001: kimanin yaro 1 ne kawai cikin 5.

(f) Ƙwayoyin itatuwa irin su kashu, a 2005: kimanin 1 cikin 10.

Alajin kifi da na jatan lande kuwa yawanci sukan zauna da mutum har girma, wani lokaci ma sai mutum ya girma suke fara kama shi.

Mu lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, yaran da ake kaiwa irin wannan babban asibiti su ne waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, saboda haka lissafinsu ya fi jinkiri. A birnin Melbourne na Ostireliya an bi jarirai sama da 5,000 da aka ɗauko daga cikin jama'a, aka ga cewa kusan 9 cikin 10 na masu alajin ƙwai sun warke kafin su wuce shekara 6, amma masu alajin gyaɗa wajen 3 ne cikin 10. Na biyu, ku dubi shekarun da kyau. Tsakanin shekara 12 da 16, wato shekarun da kuke sakandare, har yanzu ana warkewa. Ɗalibin da aka hana shi ƙwai tun yana goye, mai yiwuwa ne jikinsa ya daina faɗa da ƙwai tuntuni, shi bai sani ba.

Akwai kuma wasu nau'o'i na jarirai waɗanda ba sa bin hanyar IgE. A wani, jariri yana cikin ƙoshin lafiya amma ana ganin ɗigon jini a bayan gidansa saboda furotin na madara. Wannan yakan wuce wajen cikarsa shekara 1. A wani kuma, yaro yakan yi ta amai mai tsanani awa 1 zuwa 4 bayan ya ci wani abinci, har ya galabaita. Yana da ban tsoro, yana kuma bukatar asibiti, amma yawancin yara sukan rabu da shi tsakanin shekara 3 zuwa 5.

To, ina labarin gazawar narkar da sukarin madara? Ita hanyarta daban ce, domin ƙaruwa take yi da shekaru. Kusan kowane jariri yana narkar da nonon uwarsa, amma bayan yaye sinadarin laktes yakan fara raguwa a jikin wajen kashi 2 cikin 3 na mutanen duniya. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya na Nijeriya, tare da abokan aikinsu, sun buga binciken da suka yi a ƙasar nan. Sun ga cewa kusan dukan manyan Yarbawa da Ibo da aka gwada ba sa narkar da laktos sosai, amma yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi har girma. Gado ne, ba cuta ba. Irin wadda takan wuce ita ce wadda ke biyo bayan zawo mai tsanani: hanjin yaro ya ji rauni, madara ta riƙa ɓata masa ciki, bayan 'yan makonni hanjin ya warke, komai ya koma daidai. Kada uwa ta janye wa jariri nononta saboda wannan.

Ciwo ɗaya da ba a girma a rabu da shi shi ne wanda likitoci ke kira siliyak. Wani furotin mai suna gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yakan sa garkuwar jiki ta lalata bangon hanji, yaro ya rame, ya ƙi girma. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama a 1950. Mai wannan ciwo zai bar burodi da taliya da fanke da alkaki har abada. Abin godiya, gero da dawa da masara da shinkafa da acha da rogo da doya duk babu gulutin a cikinsu.

3. Me ya sa wasu ke warkewa?

Garkuwar jikin yaro ɗaliba ce, tana koyo. Yayin da yaro ke girma, bangon hanjinsa yana ƙara ƙarfi, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu aikin sulhu suna koya wa sauran cewa abinci ba abokin gaba ba ne. A jinin yaron da ke kan hanyar warkewa akan ga sojojin IgE suna raguwa shekara bayan shekara, wasu irin sojoji masu kwantar da tarzoma, da ake kira IgG4, suna ƙaruwa.

Siffar furotin ma tana da hannu a ciki. Furotin kamar dogon zare ne da aka naɗe. A jikin wasu yara, siffar naɗin kawai sojojin suka sani. Idan zafin tanda ya warware naɗin, ba sa gane shi. Shi ya sa binciken da aka buga a New York a 2008 ya nuna cewa kimanin yara 3 cikin 4 masu alajin madara suna iya cin abin da aka gasa sosai da madara a ciki, irin su kek. Haka ma yawancin masu alajin ƙwai. Irin waɗannan yara su ne suka fi saurin warkewa gaba ɗaya. Gyaɗa kuwa furotin ɗinta mai taurin kai ne, wuta ba ta karya shi, suya ma ƙara masa ƙarfi take yi.

Alamun da ke ba likita kyakkyawan zato su ne: IgE kaɗan a jini ko mai raguwa, ƙaramin kumburi a gwajin fata, da iya cin gasasshen nau'in abincin. Wanda IgE ɗinsa yake da yawa, ko yake da ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi mai tsanani tun yana jariri, nasa yakan daɗe.

4. Yaya za a tabbatar yaro ya warke?

A nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe, ta hanya biyu. Wasu sukan ce, "Ai ya girma, bari mu ɗanɗana masa mu gani." Wannan ganganci ne. Sauƙin da abin ya zo da shi bara ba ya nuna yadda zai zo bana, kuma wanda aka gwada a gida ba shi da mai ceto kusa idan maƙogwaro ya rufe. Wasu kuma sukan hana yaro madara da ƙwai da gyaɗa da wake da kifi gaba ɗaya, shekara da shekaru, ba tare da likita ya tabbatar da komai ba. A gidajenmu waɗannan su ne abincin gina jiki. Yaron da aka raba da su duka ba dalili, an kai shi bakin tamowa. Yawancin masu alajin gyaɗa ma suna cin wake lafiya, ko da yake dangi ɗaya ne.

Gwajin jini shi kaɗai bai isa ba. A 2013 an buga binciken da aka yi wa 'yan makaranta wajen 1,600 a Ghana. Kashi 17.5 cikin 100 suna da IgE na gyaɗa a jininsu, amma kashi 1.5 ne kacal suka ce gyaɗa tana yi musu illa. Masu binciken sun danganta abin da tsargiya, wato ciwon fitsarin jini da ake kamuwa da shi a ruwan tafki, domin sojojin da jiki ya ƙera wa tsutsar sukan rikita gwajin. Tun da mu ma muna da tsargiya a yankunanmu, takardar gwaji kaɗai ba ta isa a hana yaro ƙuliƙuli ba.

Hanyar da ta tabbata ita ce gwajin ci a gaban likita. Akan zaɓi ranar da yaro yake lafiya. A fara ba shi ɗan mitsitsi, a jira minti 15 zuwa 30, a ƙara, a haka har ya ci daidai cin ɗan shekarunsa, sa'an nan a ci gaba da lura da shi wajen awa 2, allurar ceto tana ajiye a gefe. Idan ya wuce lafiya, akan shawarci iyaye su riƙa ba shi abincin a kai a kai. An ga alajin gyaɗa ya dawo wa wasu yaran da suka warke, musamman waɗanda suka ci gaba da gudunta saboda tsoro.

'Yan'uwa a ikilisiya, idan mun yi wa yaro addu'a muna kuma sa zuciya ya warke, wannan daidai ne. Amma tabbatarwar a asibiti za a yi ta, ba a kan teburin gida ba.

5. Rigakafi ya fi magani

A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a jinkirta ba yaran da ake jin tsoro a kansu gyaɗa har sai sun kai shekara 3. A 2008 ta janye shawarar. A wannan shekarar ce Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa suka nuna cewa yaran Yahudawa da ke Birtaniya sun ninka na Isra'ila wajen sau 10 a alajin gyaɗa. A Isra'ila jarirai sukan fara cin wani abin maƙulashe na gyaɗa mai suna Bamba tun ba su cika shekara ba. Sai suka shirya gwaji da jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11, waɗanda ke da ciwon fata mai tsanani ko alajin ƙwai. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa a kai a kai, rabi aka hana su. Sakamakon ya fito a 2015: a shekara 5, kashi 17 na waɗanda aka hana sun kamu da alajin, a kan kashi 3 na waɗanda aka ba. A 2024 aka buga cewa kariyar tana nan har bayan sun kai shekara 12.

Darasin a sarari yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan idan an fara ba jariri abinci, babu dalilin jinkirta kunun gyaɗa mai laushi ko dafaffen ƙwai da aka murtsuke. Iyayenmu mata da suka saba yaye da kunun gyaɗa ba su yi kuskure ba. Sai dai jaririn da ke da ciwon fata mai tsanani, ko wanda wani abinci ya taɓa tayar masa da borin jini, a fara kai shi wurin likita. Kada kuma a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayar gyaɗa guda, domin tana iya sarƙe shi.

6. Aikinmu ga wanda bai warke ba tukuna

Matasa da samari suna cikin waɗanda anafilaksis na abinci ya fi kashewa, musamman masu asma. Dalili shi ne sun bar gaban iyaye, suna jin kunyar tambaya, ba sa so a ce sun cika tsirfa. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta sayi burodi a filin jirgin sama na Heathrow. Akwai riɗi a cikin ƙullin, ba a kuwa rubuta a takardar ba. Ta faɗi a cikin jirgi, ta rasu a ranar. Saboda ita aka yi dokar da ta fara aiki a Birtaniya a watan Oktoba 2021, wadda ta tilasta rubuta dukan kayan haɗi a jikin abincin da aka naɗe a shago.

Mu a nan yawancin abincinmu ba shi da takarda, saboda haka sai mu san inda abubuwa suke ɓuya. Gyaɗa tana cikin yajin tsire, da kilishi, da miyar taushe, da kwaɗo, da man gyaɗar da aka matse a gida. Waken suya yana cikin awara da wata daddawar. Riɗi yana cikin kantu. Akan daka busasshen jatan lande a zuba a miya. Madara da ƙwai suna cikin kek da biskit da cincin. Ko ludayin da aka juya wata miya da shi ya isa ya ɗauko abin.

Ga abin da ya rataya a wuyanmu:

(a) Iyaye su sanar da makaranta a rubuce tun ranar da aka kawo yaro, nas da masu dafa abinci da malamin ɗakin kwana su sani.

(b) Masu girki a taron ikilisiya da na biki, idan yaro ya tambayi abin da ke cikin miya, a gaya masa gaskiya. Ba raini ba ne. Kada a matsa masa da "ɗan taɓa kaɗan".

(c) 'Yan makaranta, kada a yi wasa da wannan. Ɓoye gyaɗa a abincin wani don a ga ko ƙarya yake yi, wasa ne da rai.

(d) Idan wani ya ci abinci sai muryarsa ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, harshe ya kumbura, ko jiri ya ɗebe shi, a kira nas nan take, a nemi mota. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna, amma kada a tashe shi tsaye ko a sa shi tafiya. Maganin farko shi ne allurar adirenalin a naman cinya ta gefen waje, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaro. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, domin abin yakan dawo bayan wasu awoyi.

(e) Kada mu yi saurin zargi. Yaro ya ci abinci a gidan maƙwabta ya kumbura, sai a ce an sa masa guba ko an yi masa sammu, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da garin ƙuliƙuli ya jawo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

Mun ga cewa yawancin yaran da madara ko ƙwai ko alkama ko waken suya ba sa karɓarsu za su girma su rabu da matsalar, wasu da wuri, wasu sai a shekarun sakandare. Masu alajin gyaɗa da kashu da kifi kaɗan ne ke warkewa, mai siliyak kuwa zai kiyaye har ƙarshen ransa. Saboda haka iyayen da aka taɓa gaya musu cewa ɗansu yana da alaji, su koma da shi wurin likita lokaci lokaci a sake dubawa. Kafin likita ya ce an warke, mu ci gaba da kiyaye wa ɗan'uwanmu kwanonsa.

Tambayoyi domin nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin alajin madara da gazawar narkar da sukarin madara.
2. Me ya sa yaro mai alajin ƙwai zai iya cin kek amma soyayyen ƙwai ya yi masa illa?
3. Wane darasi muka koya daga binciken Ghana na 2013?
4. Lissafa abinci 5 na yankinku da gyaɗa take ɓuya a cikinsu.
5. Abokinka ya ci tsire, muryarsa ta shaƙe, leɓensa ya kumbura. Faɗi abin da za ka yi bi da bi, da abin da ba za ka yi ba.